Tabarau Biyu, Ido Ɗaya

Da ido ɗaya maigidana yake gani lokacin da aka kai ni ɗakinsa, na hagu. Na daman yana nan a buɗe, amma fari ya rufe ƙwayar kamar an ɗiga nono a ruwa. Bindigarsa ce ta yi masa haka, shekara uku kafin a ɗaura mana aure. Na san da haka na so shi. Can daga baya, bayan na shiga ajin yaƙi da jahilci, 'ya'yana mata suka riƙa kawo mini littattafan soyayya daga kasuwar Maraɗi, na lura duk samarin da ke ciki idanunsu biyu ne dara-dara. Ban taɓa jin ƙyashin matan ciki ba. Mai ido ɗaya in zai dube ki sai ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, ba ya satar kallo ta gefe. Wannan juyowar ce ta kama ni tun ranar da ya fara tsayawa sayen fura a wurina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Cadawa da Agiye. Shi manomi ne da damina, maharbi da rani. Bindigarsa irin ta toka ce, wadda maƙeri ke yi. A ɗura albarushi ta baki, a bi shi da tsumma, a zuba harsashi, a daka da sanda. A gefen dama, kusa da gindinta, akwai wani ɗan rami inda kunama ke sara wuta ta shiga. Wannan ramin ba kullum yake tura wutar ciki ba, wata rana sai ya tofo ta waje. Shi ya sa maharban wajenmu ba sa kai bindiga kusa da fuska. Miƙa ta suke yi nesa da jiki, su daidaita ta da hannu, in za su ja kunama su kau da kai. Haka suka tarar iyayensu na yi. Ranar da maigida ya rasa idon dama, wata gada ce ya hango daga nesa, ya ga in ya kau da kai ba zai same ta ba, sai ya kwantar da kunci a kan itacen bindigar ya auna. Ya sami gadar. Mutane ne suka ɗauko su tare, ita a kafaɗa, shi a kan jaki.

Shekarar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, bayan an gama kai hatsi rumbu, mai shela ya zagaya kasuwanni ya ce za a yi gasar harbi a Agiye. Ba irin harbin biki ba da ake yi sama don ƙara. Za a kafa sanda a ɗora gora a kai, nesa ƙwarai, kowane maharbi ya yi harbi uku, wanda ya fi fasa gora ya tafi da rago. An ce har daga yamma, wajen Gidan Sori, maharba za su zo.

Da na ji, murna na yi. Ban yi tunanin komai ba sai kiɗa da taro da sabon zanen da zan ɗaura. Sai wata hantsi na kai masa fura bayan gona, inda yake gwaji shi kaɗai. Ya ɗora gora a kan kututture, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Tunda idon dama ba ya gani, sai ya mai da bindigar kafaɗar hagu. Da ya yi haka, ɗan ramin nan na wuta ya koma ta wajen fuskarsa. Ya kwantar da kunci, idon hagun nan guda ya tsaya daidai bayan ramin, tsakaninsu bai kai tsawon tafin hannuna ba.

Ban san lokacin da na dire ƙwaryar ba, fura ta fantsalo mini a ƙafa.

«Maigida, haka za ka yi a Agiye?»

«To yaya zan yi? Gorar tana nesa. In na kau da kai sai dai in harbi itacen wani.»

«Idon hwa?»

Ya yi dariya, ya ja fatar idonsa ƙasa da yatsa ya nuna mini. Kwalli ne baƙi ƙirin.

«Sarkin maharba ya ba mu. An yi masa abin da ake yi. Wuta ba ta kusantar idon da ya sha wannan.»

«Ranar gada ba ka sa ba?»

Ya saki fatar idon, ya dubi ƙwaryar.

«Ranar mantawa na yi. Ba ni furata, amarya, kin zubar da rabi.»

Na koma gida. Uwarsa, wadda muke kira Inna, tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na zauna ina taya ta, na kewaya na kewaya har na kai ga maganar. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ubansa da wannan kwallin ya yi shekara da shekaru yana shiga daji, kuma da idanunsa biyu aka binne shi. Na so in ce mata ubansa kau da kai yake yi, amma amaryar wata bakwai ba ta mai da wa uwar miji magana.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Wata biyu ke nan ban ga al'adata ba. Cikin fari ba a bakinka ake jin sa ba, sai dai a gani. Ko shi ban iya duban fuskarsa in gaya masa ba. Sai na riƙa kwana da tashi da tunani guda: in wannan idon ya tafi, abin da ke cikina zai zo duniya ubansa sai dai ya shafa shi da hannu.

Ranar kasuwar Cadawa na kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Da na sayar, ina zagayawa, sai na ga wani ɗan koli ya baza kaya a gindin itacen bedi: madubai, zobba, turare, da faifai guda cike da tabarau. Ga abin da zai shiga tsakanin ido da wuta, yana nan a faifai ana sayarwa, ban taɓa tunawa ba.

«Taho, amarya, taho. Na Kano ne, jiya suka tsallako iyaka. Na wa za a saya, na angon ko na wanda bai sani ba?»

«Kai malam, ka ji tsoron Allah. Na maigidana ne.»

«Dogo ne ko gajere?»

«Dogo.»

«Baƙi ko wankan tarwaɗa?»

«Baƙi, mai dogon hanci.»

«To an gama.»

Ya ɗauko wani mai baƙin gilashi da bakin ƙarfe ruwan zinariya, ya goge shi da hannun riga, ya ɗaga shi rana ta faɗa a kai. Akwai wasu masu farin gilashi a faifan, na ɗauki ɗaya na juya, sai na ga irin wanda tsohon malamin lakol, makarantar boko, yake sawa a kan hanci in zai duba takarda. Na ajiye. Na riƙe baƙin, nan take na bar kasuwar Cadawa ina tsaye. Na ga maigida a tsakiyar filin Agiye cikin farar riga, bindiga a kafaɗa, zinariyar nan tana walƙiya a gefen fuskarsa, baƙin gilashin ya rufe farin idon dama har ba wanda zai san da shi. Na ga mata suna taɓa juna suna tambayar mijin wa ne, ni kuma ina gefe ina gyara kallabi kamar ban ji ba.

Ban tambayi ɗan kolin da abin da aka yi shi ba. Ban ce masa maharbi zai sa ba. Kyau na je na saya, na dawo gida ina ce wa kaina tsari na sayo.

Maigida ya so tabaran nan fiye da yadda na zata. Ya sa, ya karɓi ɗan madubina ya daɗe yana duban kansa. Ina jin a ranar ya fara ganin fuskarsa ba tare da farin idon ba tun shekara uku. Ya fita da shi majalisa. Sarkin maharba ya gani ya ce ado ne, ado kuwa ba ya ɓata kwalli. Da ya je gwaji ya dawo ya ce gorar tana yi masa duhu-duhu kamar magariba ta yi, amma zai saba. Na sami kwana biyar ina cin abinci yana shiga.

Saura kwana uku gasa kawuna ya zo gaishe mu. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon soja, ya yi shekaru yana tuƙa manyan motocin soja a hamadar arewa kafin a sallame shi ya zauna a Agiye. A kan keke ya zo, da wani mummunan tabarau rataye a wuyansa wanda ba ya rabuwa da shi in zai hau hanya. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar zaure, na kawo ruwa. Maigida ya shigo sanye da baƙin tabaransa.

«A'a! Sabon kumandan aka naɗa ban ji ba?» in ji Kawu. «Ranka shi daɗe, a yi mana sassaucin haraji.»

«Ɗiyarka ta sayo mini, Kawu. Da shi zan yi harbi gata.»

Murmushin Kawu ya tsaya.

«Harbi? Ba ni in gani.»

Ya karɓa ya ƙyanƙyasa gilashin da farce, ya kai kunne. Ya duba gefe da gefe, ya zura yatsa ta inda yake a buɗe tsakanin gilashi da kunci. Sannan ya dube ni.

«Ɗiyata, ke kika zaɓa?»

«Ni ce, Kawu.»

«Mi kika duba?»

Na sunkuyar da kai.

«Wannan kwalba ce, sirirya kamar ta fitila. Ba tartsatsi kaɗai ke fitowa daga ramin nan ba, har da ɓarɓashin ƙarfe. In ya bugi wannan, ba tsayawa zai yi ba, fashewa zai yi ya shiga ciki tare da kwalbar. Na taɓa riƙe kan wani mutum likita yana tsince masa irin wannan daga ido da ɗan hantsaki. Gara ido tsirara da wannan.»

Kwana biyar ina barci da daɗi, ashe da hannuna na sayo abin da zai ƙarasa idon.

Kawu ya cire nasa daga wuya ya miƙa. Gilasansa biyu ne zagayayyu masu kauri, farare tas, an kewaye su da fata da roba yadda za su manne a fuska ba kafa ko ta gefe, da igiyar roba ta ɗaurewa a ƙeya. Fatar ta yi baƙi da gumin shekaru. Ya ce gilashi biyu ne aka haɗa da wani danƙo a tsakani, ko ya tsage ba ya tarwatsewa. Ya zaro wuƙarsa ya buga masa ƙota da ƙarfi. Ko gezau.

«Gwada,» ya ce wa maigida.

Maigida ya sa don kunyar Kawu. Wallahi ni kaina da ƙyar na danne dariya, da tsoron da komai. Idanunsa suka fito ƙuru-ƙuru, kunnuwansa suka lanƙwaso, ga farin idon dama ya ƙara girma a bayan gilashi. Inna da ke leƙowa daga tsakar gida ta tafa hannu ta ce, «La ilaha, kwaɗo!»

Ya fizge shi ya ajiye a tabarma.

«Kawu, na gode, amma ba zan shiga fili da wannan ba. Wancan ado ne, kowa ya sani. Wannan kuwa duk wanda ya gani ya san tsoro ne. Kamar na tsaya gaban sarkin maharba na ce masa kwallinsa toka ce.»

«Sa kwallin, ka sa wannan a kai. Wa ya hana?»

«Ba a haɗa su. In ka yarda da abu, ka yarda da shi.»

Kawu bai ja maganar ba. Da zai tafi na raka shi ƙofar gida, ya tura mini tabaran cikin hannu ya ce, «Ni surukina ne, iyakata ke nan. Saura ke.» Ya hau kekensa yana ƙifta ido cikin rana.

Washegari na wuni ina neman bakin magana. Na ce masa gorar za ta fi fitowa da farin gilashi, ya ce ya riga ya saba da baƙin. Na ce ya sa na Kawu a gwaji kawai, inda ba mai gani, ya ce Allah na gani. Na yi tuwo na kasa kai loma uku. Duk inda na juya a tsakar gida sai in ga ɗan ramin nan baƙi yana kallona, a bakin tulu, a idon murhu, har a hancin akuya.

Ana gobe gasa, da hantsi, ya tafi rijiya shayar da shanu ya bar baƙin tabaran a kan gado. Ina dama fura, na dubi dunƙulen da ke hannuna, mai laushi, girmansa bai wuce na ido ba sosai. Na ɗora shi a faifai, na ɗauko tabaran na kifa gilashin hagu a kansa. Na sami ɗan tsakuwa kamar ƙwayar wake na aza a kan gilashin, na ɗan buga da gindin ludayi. Ban ma sa ƙarfi ba. Ya ce ƙas. Da na ɗaga, furar ta cika da 'yan tsinin kwalba, wasu sun nutse har ba a ganin ƙarshensu, suna ƙyalli.

Na zauna ina kallo har ya dawo. A raina na riga na tsara yadda za ta kasance: zai gani, jikinsa ya yi sanyi, ya kama hannuna ya ce na cece shi. Na miƙa masa faifan da hannu biyu.

Ya dubi furar. Ya ɗauki tabaran, ido ɗaya baƙi, ɗaya rami. Ya daɗe yana juya shi.

«Ke kika ba ni, ke kika fasa.»

«Maigida, dubi furar. Da idonka ne hwa.»

«Na gani. To kin huta. Gobe haka zan shiga, yadda ubana ya shiga, ni da kwallina.»

Ya ajiye faifan ya fita. Bai ci abincin rana ba, bai sake yi mini magana ba. Inna ta zo ta ga ɓarnar, ta ce yaran yanzu ba su san inda hannunsu ya kamata ya tsaya ba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na fara da sayen abin da zai cuce shi, na gama da barin sa ba komai. Na yi ta roƙon Allah ya sa a yi ruwa, ko da yake damina ta wuce, ko jakin ya gurgunce, ko a ce an fasa gasar.

Da sassafe ya shirya. Ya sa rigar farauta mai layu, ya zauna a ƙofar ɗaki ya zizara kwalli a ido biyun, har da wanda ba ya gani. Burgaminsa, jakar fatar da yake zuba albarushi da harsashi, yana rataye a jikin danga. Na ɗauko tabaran Kawu na tura ciki a gabansa, ban ɓoye ba. Bai hana ni ba, bai kuma dube ni ba. Na durƙusa kusa da shi kamar mai gyara masa takalmi, na yi magana da ƙasa.

«Akwai fuskar da ba ka gani ba tukuna. Sai damina ta faɗi za ta zo.»

Kunya ta kama ni har kunnuwana suka yi zafi. Na tashi da gudu na shige madafa. Ina jin sa ya daɗe a zaune. Sannan na ji ya ce wa Inna ya tafi, na ji takun jaki.

Mu mata muka bi baya a ƙafa, muka isa Agiye rana ta take tsaka. Filin yana bayan kasuwa. Jandarma biyu suna korar mutane daga bayan sandar da aka ɗora gora. An ɗaure ragon a gindin wata gawo, an rataya masa jan ƙyalle. Maza sun yi da'ira, mu muna can gefe a inuwa, sai mun yi ɗage muke hango tsakiya. Sarkin maharban wajenmu yana zaune a kan buzu, Kawu yana tsaye cikin tsofaffin sojoji.

Aka fara. Duk wanda ya harba sai hayaƙi ya turnuƙe, ƙara ta bugi ƙirji. Mafi yawa yadda suka saba suka yi, suka miƙa hannu suka kau da kai, gora tana zaune abinta ana dariya. Wani ɗan gajere daga Gidan Sori ya fasa biyu cikin uku, makaɗa suka ɗauka. Ni ban san wa ya ci wa ya faɗi ba, burgamin nan kawai nake kallo a kwiɓin maigida.

Aka kira ƙauyenmu. Ya fito, fuskarsa ba komai sai kwalli. Ya ɗura bindiga a tsanake, ya daka, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Ya kai ta kafaɗar hagu. Ya kwantar da kunci. Na kama hannun matar da ke kusa da ni, ban ma san ta ba, na matse har ta ce wayyo.

Ya daɗe a haka. Mutane suka fara cewa harba mana. Sai ya sauke bindigar ya aza a cinya. Ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya wajen inuwar mata, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina. Bai yi murmushi ba. Ya sa hannu a burgami.

Da ya ɗaure igiyar a ƙeya ya ɗago, sai dariya ta fashe a filin.

«Kai, damina ta dawo! Ga kwaɗo ya fito!»

«A kai shi tabki, nan ba ruwa!»

«Maharbi, in tsoro kake ji ba matarka bindigar!»

Har ɗan gajeren nan na Gidan Sori ya durƙusa yana tsalle da hannu huɗu. Na ga sarkin maharba ya kau da kai ya tofar da yawu. Kunnuwan maigida da suka lanƙwaso a ƙarƙashin roba suna rawa, na san ransa ya kai maƙura. Ban taɓa ganin sa da muni kamar ranar ba, ban kuma taɓa jin son sa ya cika mini ƙirji haka ba.

Harbin farko gora ta tarwatse. Dariyar ta ragu. Kafin ya gama ɗura na biyu gumi ya taru a cikin gilashin ya yi masa hazo, na ga yana girgiza kai kamar mai korar ƙuda. Ya harba, ƙasa ta tashi can gefen sanda. Ya ɗaga tabaran ya goge ciki da bakin riga, na ce shi ke nan ba zai mayar ba. Ya mayar.

Na uku ƙarar daban ce. Ba ta tafi gaba ba, kamar a nan ta tsaya. Na ga jar wuta ta fito ta gefe ta lashe masa fuska, bindigar ta faɗi can, shi ya kifa. Ban san yadda na keta da'irar maza ba. Na tarar Kawu ya riga ni, ya tallafo kansa a cinya. Gefen fuskarsa na hagu baƙi ƙirin, gira da sajensa sun ƙone suna wari, jini yana tsattsafowa a kunci. Gilashin hagu ya tsage kamar saƙar gizo, da wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gero a kafe a tsakiya.

«Kar ka buɗe tukuna,» in ji Kawu. Ya zare igiyar a hankali ya ɗaga.

A ƙarƙashi fatar tana nan zagaye, tsaf, ba abin da ya taɓa ta. Idon yana rufe. Fatar ta motsa, ta sake motsawa, ya buɗe. Ja ne saboda hayaƙi, hawaye yana gangarowa da kwalli. Ya yi yawo sama, ya sauko, ya tsaya a kaina.

«Amarya, mi kike yi cikin maza ba kallabi?»

Na shafa kaina. Ban san inda ya faɗi ba. Sai a lokacin kuka ya zo mini, na zauna a ƙasa a tsakiyar filin Agiye ina yi kamar yarinya.

Sarkin maharba ya taso da sandarsa, ya sunkuya ya duba idon, ya miƙe ya ce wa jama'a, «Kun gani? Kwalli ya yi aikinsa.» Aka ce Allahu akbar. Kawu ya dube ni, na dube shi, ya tura tsagaggen tabaransa cikin aljihu. Da muka koma gida Inna ma abin da ta ce ke nan, na ce mata haka ne, Inna. Ragon kuwa Gidan Sori ya tafi.

Albarushin da ya shiga fatarsa bai fita ba. Ƙuna ta warke, gira ta tsiro, amma 'yan ɗige-ɗige baƙaƙe suka zauna a kunci da goshi, suka bar zobe mai tsabta kewaye da idon, daidai girman gilashin Kawu. Sunan kwaɗo ma ya zauna, har abokansa suka tsufa da shi suke kiran sa. Bai taɓa ce mini na gode ba. Abin da ya riƙa yi, in mun yi baƙi, sai ya ce su tambaye ni inda na kai masa tabaransa mai zinariya, wanda bai taɓa mallakar abu mai kyau kamar shi ba.

Da damina ta faɗi na haihu a gidanmu, mace. Ranar suna kunya ta hana shi shigowa cikin mutane, sai da la'asar, da mata suka ragu, ƙanwar mahaifiyata ta miƙa masa ita a bakin ƙofa. Ina ciki ina leƙe ta bayan asabari. Ya riƙe ta a karkace kamar ba ya so, ya duba ko ana kallon sa. Sannan ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya, ya ɗago ta kusa da idon hagu, ya bi ta tun daga goshi har haɓa, a hankali, ya sake komawa.

«Hancin nawa ne,» ya ce. «Sauran duk na mai fasa kayan mutane ne.»